Giyar Da Na Kushe A Gaban Baba

Masu bina a wannan shafi, wanda yake tsaye ya nemi kujera, domin abin da na aikata ranar Juma'ar nan, in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai, in na gama dariyar kuma in ji kamar in haƙa rami in shige. Wata a cikinku ta rubuto min wancan makon cewa in daina ɓoye-ɓoye in faɗa wa iyayena gaskiya. 'Yar'uwa, kin yi gaskiya, sai dai shawararki ta zo ta tarar na riga na yanke wa kaina cewa na fi kowa wayo.

Saboda sababbin zuwa, sunana Josette Fortier, a gida Josie. Mu manoman hop ne a kwarin Yakima tun daga kan kakan babana, hop kuwa shi ne furen nan kore da ake zuba wa giya ya ba ta ɗaci da ƙamshi. Yayyena duk sun watse, ni kaɗai na rage a gida, don haka duk wani buri da Mama ta tara na aurar da 'ya a kaina ya sauka. Lokacin girbi kuwa komai namu warin hop yake, gashina, matashin kaina, har kyanwar gidan.

Wanda nake so sunansa Efrain Salgado. Yana da ɗan gidan dafa giya a cikin gari, a wani tsohon shagon wanki, tukunya ɗaya da 'yan tebura, sai wata fanka mai kuka kamar za ta tashi da rufin. Bara ya zo gonarmu zaɓen hop tare da sauran masu dafa giya. Kowa ya ɗebi busasshen fure ya murza a tafin hannu ya tusa hanci, kowa ya yaba, musamman wani kason hop da Baba yake ji da shi. Da aka zo kan Efrain ya murza, ya shaƙa, ya sake shaƙa, sai ya ɗago ya dubi Baba ido cikin ido ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan an makara wajen girbe shi. Albasa nake ji."

Wuyan Baba ya yi ja har zuwa kunne. Ni kuwa ina bayansu riƙe da faranti, kuma tun safe nake jin albasar nan na rasa bakin faɗa, sai dariya ta kufce min na mayar da ita tari. Da ya fita na bi shi har mota wai ya manta hularsa. Bai zo da hula ba, ya sani, na sani, muka tsaya muna kallon juna kamar wawaye. Daga ranar Baba ya raɗa masa suna Sarkin Albasa, daga ranar kuma ni na zama ba ni da wani aiki sai ƙirƙiro dalilin shiga gari.

Mama tana da nata ɗan takarar. Grady Holmquist, ɗan ƙawarta ta ƙungiyar mawaƙan coci, shi ma mai dafa giya, amma nasa gidan bangon gilashi ne, tukwanensa suna sheƙi har kana iya gyara gashi a jikinsu. Haƙoransa farare, motarsa kullum a wanke, in ya gaishe da Mama sai ya haɗa da tambayar lafiyar gwiwarta. Ba shi da aibu, kuma abin da ya fi ba ni haushi da shi ke nan. Mama takan turo min hotunansa a waya ba tare da ta rubuta komai ba, kamar wai hannunta ne ya taɓa bisa kuskure.

To ga al'adar gidanmu, wadda ita ce ta kai ni ta baro. Kowane girbi akwai ƙananan masu dafa giya da Baba yake yarje wa su zo su ɗauki ɗanyen hop, wanda ba a busar ba, su yi gudu da shi zuwa tukunya a ranar kafin ya fara lalacewa. In giyar ta nuna kowa ya aiko mana da gwangwanayensa. Ranar Juma'ar da aka kammala aiki sai mu zauna a rumfar da ke gefen ɗakin busarwa mu ɗanɗana ba tare da mun san ta wane ce ba. Wanda ya zo na ɗaya, shi zai fara zaɓen hop baɗi, kuma za a gayyace shi cin abincin Lahadi a teburinmu, kujerarsa kusa da ta Baba. Wanda ya zo na ƙarshe, Baba da kansa zai kira shi a gabanmu ya faɗa masa abin da aka ce game da giyarsa, ba ragi ba ƙari, kuma baɗi babu shi. Baba yana cewa wannan girmamawa ce, wai mutum ya fi son a mare shi a fuska da a tsunkule shi a baya.

Bana Efrain ya yi ƙarfin hali ya nemi ɗanyen hop. Na zaci Baba zai kore shi, sai ya yi wani murmushi ya ce a ba shi, yana so ya ga abin da hancin nan mai jin albasa zai iya dafawa.

Ku ji shirina, ku faɗa min in bai yi kyau ba. Efrain ya ci gasa, ya zo ranar Lahadi a matsayin babban baƙo, Baba ya yanka masa nama da hannunsa, in an kawo kek ɗin tuffa sai in miƙa hannu in kama nasa a kan tebur kowa ya gani. Baba ba zai iya korar mutumin da shi ya gayyata ba. Kuma ina da tabbacin cin gasar, domin tun da cutar nan ta shekarun baya ta kwantar da Baba, hancinsa bai dawo daidai ba. Yana jin ɗaci da zaƙi a harshe, amma ƙamshi sai dai kaɗan-kaɗan. Ba ya son a yi zancen. Abin da yake yi shi ne ya miƙo min kofi ya ce, "Josie, me ya ce miki?" Duk abin da na faɗa, shi ke nan.

Da safiyar Juma'a ina kwance na turo wa Efrain saƙo.

"Ɗan ba ni alama mana. Ko launi kawai."

"A'a."

"Haka ake yi wa masoyiya?"

"Haka ake yi wa alƙaliya. In ban ci da gaskiya ba, da wane ido zan kalli babanki?"

"Da wannan idon da ka ce masa albasa."

Ya turo fuskar dariya, sannan ya ƙara da cewa mamarsa ta riga ta goge masa rigar Lahadi ta rataye, wai ko bai ci ba zai sa ta ya zauna a shago. Na rubuta masa cewa ko an ɗaure min ido an toshe min hanci ɗaya zan gane giyarsa a cikin dubu. Na rubuta wannan da yatsuna, jama'a, yana nan a wayata har yanzu.

Kuma ina da hujja. Duk giyar Efrain gurɓatacciya ce, ba a ganin komai ta cikinta, kamar ruwan lemon da aka matse yanzu. Haka yake sonta, haka masu zuwa shagonsa suke sonta. Kwanaki bayan ya dafa wannan ma na leƙa shagon ya tsiyayo min kaɗan daga tanki don in gani, ba don in sha ba, kuma gurɓatacciya ce kamar kullum. Ni abin da ya rage min kawai in nemi kofin da ba a gani ta cikinsa.

Na ɓata lokaci a gaban madubi kamar wadda za a ɗauka hoto. Na sa doguwar rigata ruwan ɗorawa mai ƙananan furanni, wadda na sa ranar da Efrain ya fara kai ni cin abinci, na ɗora jaket ɗin jins a sama saboda iskar yamma, na sa takalman gona da na goge da tsohon buroshin haƙori. Ba turare, ba jan baki, ba man shafawa mai ƙamshi, dokar Baba ce ranar ɗanɗano. Da na sauko kicin Mama tana fito da mit-fai daga tanda, irin na kakarmu mai kirfa da kanumfari. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta yi wani guntun murmushi, ta ce ashe dai ana jin maganarta a gidan nan, amma in tuna Grady ba yau zai zo ba, in adana rigar zuwa Lahadi. Na ce mata to, Mama. A raina na ce Lahadi za ki ga abin mamaki, baiwar Allah.

Rana ta yi sanyi muka hallara a rumfa. Gonar duk an sauke ta, sai dogayen turaku da wayoyin da igiyoyin hop suke hawa, tsirara har iya ganinka. Gwaggo Paulette, ƙanwar Baba, ita ce mai naɗe gwangwanaye. Ba ta taɓa aure ba, ba ta taɓa yin shiru ba, sai ranar ɗanɗano, domin ita kaɗai ta san wace ce ta wa, don haka ba ta da bakin magana kuma ba ta da ƙuri'a. Ta zagayo da kwandon burodi kowa ya jefa wayarsa a ciki, ta ɗora shi can kan buhuna. Sannan ta jera gwangwani uku naɗe da takardar ƙunshi, ɗaya ɗaure da jan zare, ɗaya kore, ɗaya shuɗi. Bana masu giya uku ne, Grady, da Efrain, da waɗansu mata biyu 'yan garin Tacoma.

Ta fasa ta tsiyaya wa kowa. Ta jan zare ruwan zuma ce mai ɗan duhu. Ta koren zare garau take, launin zinariya, har ina hango ƙusar tebur ta cikin kofin. Ta shuɗin zare kuwa tana sauka na ga gurɓatacciya, kauri kamar ruwan lemo, sai zuciyata ta buga tsalle. Na ce a raina sannu da zuwa, masoyi. Saura kaɗan in ɗaga wa kofin hannu.

Muka fara da ja. Ba laifi, ƙamshin ciyawa sabuwar yanka, ɗaci madaidaici, irin giyar da za ka sha ka gode ka manta. Baba ya ce me ta ce min, na ce ta gaishe ni da ladabi ta wuce. Ya yi dariya har da buga tebur.

Sai kore. Na ɗauka da niyyar in shaƙa in ajiye, tunda na riga na san ta Grady ce, wa zai yi giya mai sheƙi haka in ba mai tukwane masu sheƙi ba. Ina kai ta hanci na tsaya. Ɓawon lemo ne ya fara zuwa, irin wanda ka ɓare da farce ya fesa maka a fuska, bayansa ƙamshin ƙaron itace, bayansa kuma wani ɗanyen kore wanda ban san sunan da zan ba shi ba sai dai in ce gonarmu ce da sassafe ranar farkon girbi, lokacin da aka yanko igiyar farko raɓa tana zuba a wuyanka. Na kurɓa. Ta shiga da sanyi, ɗan zaƙin hatsi kamar ɓawon burodi ya taɓa harshena ya kauce, sannan ɗacin ya zo, tsaf, ba ya kartar maƙogwaro, ya zauna ɗan lokaci ya tafi ya bar bakina a bushe yana neman ƙari. Ban san lokacin da na sake kurɓa ba. Wallahi tunda nake ban taɓa shan hop ɗinmu ya fito haka ba, har idona ya ciko.

Tsoro ya kama ni a take. Na ce shi ke nan, Grady ya kashe mu.

Na yi maza na ɗauki shuɗi don in wanke zuciyata. Ƙamshin ya daki hancina tun kofin bai iso ba, mangwaro, abarba, kamar an buɗe shagon kayan marmari. Na ji daɗi. Amma da na haɗiye sai na ji ta yi nauyi, zaƙin ya manne a harshe, can ƙasan maƙogwaro kuma wani ɗan yaji yana ƙuna. Na ce a raina haba Efrain, yau da nake buƙatarka ka yi min haka? Sai kuma na ba shi uzuri, na ce fankar nan tasa ce, zafi ya yi wa tankin yawa. So dai bai bar ni na ga laifinsa ba.

Mama ba mashayiya ba ce, leɓe kawai take tsomawa, amma ita ma ta yi irin lissafina. Ta ɗaga koren kofi tana kallon rana ta cikinsa, ta ce a ga tsafta, a ga tarbiyya, wannan daga gani ɗan gidan mutunci ne ya yi ta. Ta kalle ni ta gefen ido. Wannan kallon ne ya ƙarasa ni.

Baba ya daɗe da koren a bakinsa. Ya haɗiye, ya lumshe ido, ya ce a harshensa dai wannan ɗacin ya yi, ya tuna masa irin wadda ake yi da can kafin yara su fara mayar da giya ruwan 'ya'yan itace. Sannan ya turo min kofin.

"Josie, me ta ce miki?"

Na ɗauka, na shaƙa, na yamutsa fuska kamar wadda aka taka wa ƙafa. Da a ce ana ba da kyautar wasan kwaikwayo a kwarin nan, da yanzu tana kan durowata.

"Baba, ba ka ji ba?"

"Me?"

"Tsumma. Jiƙaƙƙen tsumman kicin da aka manta a bayan famfo. A baki tana da kyau, amma a hanci kamar an goge daɓe an matse a kofi."

Gwaggo Paulette ta ƙware da ruwan da take sha. Na ji an taka min takalmi a ƙarƙashin tebur, na ɗago, ta zuba min ido tana ɗaga gira. Na daɗe ina zargin ta san zancena da Efrain, domin ta taɓa ce min wai motata tana da 'yar'uwa mai yawan fakin a bayan tsohon shagon wanki. Don haka na ɗauka tana ce min ne ci gaba, 'yata, kina kan hanya. Na mayar mata da murmushi, har da kashe ido ɗaya.

Ta ce, "Josie, da dai kin sake kurɓa."

Baba ya ce mai naɗi ba ta da baki. Ta kama bakinta da hannu, ta kalli rufin rumfa.

Ni kuwa baki ya buɗe. Na ce wanda ya yi wannan ya fi damuwa da kyan kofi a kan abin da ke ciki. Na ce ya ɓata mana hop, da ya sani ya bar shi a igiya tsuntsaye su yi sheƙa. Na ce in da ni ce shi, da na sayar da tukunyar na nemi wata sana'a tun da sauran ƙuruciya. Sannan na rungumi shuɗin kofi na yi ta zuba masa kirari, na ce wannan mai zuciya ne ya dafa, wannan ya san darajar gumin manomi, wannan a ba shi kujera kusa da Baba a ƙara masa da matashi. Mama ta haɗe rai tana ta gyara cokula.

Abin da ya biyo baya shi ne ba na son tunawa. Baba ya jawo koren kofin ya tusa hancinsa ciki, ya ja numfashi har kafaɗunsa suka ɗaga. Ya sake ja. Na ga yana neman tsumman nan da gaske, yana nema bai samu ba. Ya ajiye a hankali ya ce, ba da ƙarfi ba, "To. Ni ban ji ba. Amma ke ce hancina." Kunya ta rufe ni daga kai har ƙafa, na ji ban kyauta ba ko kaɗan. Sai na lallashi kaina da cewa ƙarya ɗaya ce tak, Grady ba zai mutu ba, babansa zai saya masa hop a ko'ina, kuma ranar Lahadi kowa zai yi dariya.

Aka yanke, shuɗi na ɗaya, ja na biyu, kore na ƙarshe. Baba ya buga tebur da gindin kofi, alamar an rufe.

Gwaggo Paulette ta miƙe kamar wadda za ta karanta sanarwar rasuwa. Ta kwance jan zare, 'yan Tacoma. Ta kama shuɗi, ni kuwa na gyara zama, na gyara gashi, ina ta danne murmushi kada ya tona ni. Takarda ta faɗi. Gwangwani mai sheƙi, da sunan Holmquist da manyan haruffan azurfa.

Na ce, "A'a."

Mama ta dafe ƙirji. Fuskar da ta haɗe ta warware a take, ta zagayo ta rungume ni ta baya tana sumbatar kaina, tana cewa ta sani, ta sani, zuciya ba ta ƙarya, 'yarta ta zaɓe shi ido a rufe. Wai ashe yaron har ya koyi dafa gurɓatacciya irin ta zamani don ya burge ni. Ta fara lissafa abin da za ta dafa ranar Lahadi, ta ce in sake sa rigar nan, za ta wanke min ita da kanta.

Ban ji sauran ba, idona yana kan koren zare. Gwaggo ta kwance shi a hankali, ta juyo min da gwangwanin. Takardar jikinsa da hannu aka liƙa, ta ɗan karkace. An zana albasa mai ƙafafu ta cire hula ta rusuna, a ƙasa an rubuta sunan giyar, Tuba.

Baba ya kalli zanen, ya kalle shi, sai ya fashe da wata dariya da rabon da in ji irinta tun kafin rashin lafiyarsa. Ya ce Allah mai iko, Sarkin Albasa ya dafa tsumma. Ya ce shekara guda yana jiran wannan rana.

Na ce, "Baba, bari in sake ɗanɗanawa. Ina jin kofin ne ba a ɗauraye da kyau ba."

Gwaggo ta ce ita ta ɗauraye kofunan, kuma a bar ta haka. Baba ya ce in an kwance zare an kwance, ko kakansa bai taɓa sauya hukunci bayan an ga suna ba, in ba haka ba me ya sa ake naɗewa. Ya ce a miƙo masa kwando. Na yunƙura zan riga shi in ɗauki tawa wayar, ko kalma uku in tura wa Efrain, kar ka ɗauka, amma Mama tana riƙe da kafaɗuna tana tambayata ko Grady yana cin naman rago. Baba ya zaro tasa, ya nemo lambar Efrain, ya buɗe murya yadda kowa zai ji, ya ajiye a tsakiyar tebur kusa da mit-fai.

Bugu ɗaya ya ɗauka. Ina jin kukan fankarsa a baya. Muryarsa cike da fara'a, irin ta wanda ya wuni yana kallon waya.

"Barka da yamma, ranka ya daɗe."

Baba ya gyara murya ya ce ba zai ja shi da nisa ba, giyarsa ce ta zo ta ƙarshe, kuma al'adar gidan nan a faɗa wa mutum dalili. Ya ce shi a bakinsa ta yi masa, ba zai ɓoye ba, amma 'yarsa Josette, wadda hancinta bai taɓa yi masa ƙarya ba, ta ji abin da shi bai ji ba. Sannan ya maimaita komai. Tsumman, da daɓen, da tsuntsayen, da sayar da tukunya. Ban taɓa sanin Baba yana da hadda haka ba, ko wasali bai yar ba.

Sai muryar Efrain ta fito, fara'ar ta tafi.

"Josette ce ta faɗi haka?"

"Da bakinta, ga kofin nan a gabana."

Ya yi wata 'yar dariya wadda ba dariya ba ce. Ya ce, "Ikon Allah. Ni kuwa saboda ita na tace ta. Ita ta ce min ba ka shan giyar da ba ka hango yatsanka ta cikin kofi. Na so in ba ta mamaki ne."

Hannun Mama ya sauka daga kafaɗata. Gwaggo Paulette ta jawo kujera ta zauna ta yanki mit-fai, kamar wadda ta biya kuɗin kallo.

Baba ya ce, "Ita ta ce maka. A ina kuke haɗuwa har take faɗa maka abin da nake sha?"

Na san Efrain ya gane abin da ya yi, kamar ina ganinsa tsaye a bayan kanta ya dafe goshi. Can ya ce, a hankali, "Tana kusa?"

Baba ya dubi rigata ruwan ɗorawa, ya dubi takalman da na goge, ya dubi zanen albasar. Dariyar nan duk ta bar fuskarsa. Ya sa yatsa ɗaya ya turo wayar har gabana, ya sa ɗaya hannun ya turo koren kofin ya ajiye kusa da ita.

"Ga ta nan, tana jinka," ya ce. Sannan ya juyo gare ni. "Amma ni za ki fara amsa wa, Josie, tunda ni ba na ji. Akwai tsumma a kofin nan, ko babu?"